Daga Zabirar Wanzami Zuwa Madubin Likita: Jinyar Kumburi a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Duk wanda ya fito daga birnin Kano ta Ƙofar Nassarawa, ya miƙi hanyar Zariya, ya wuce Dangi, ya ratsa Gyadi-Gyadi har ya kai ƙofar babban asibitin nan da jama'a suka taƙaita sunansa suke ce masa Asibitin Malam, in dai ba wani dattijo ya zaunar da shi ya ba shi labari ba, da wuya ya gaskata cewa wannan sarari da motoci da 'yan adaidaita sahu suka cushe a yau, ba da nisa ba can gonaki ne na dawa da gero da gyaɗa, da 'yan ƙauyuka a warwatse a bayan ganuwa, waɗanda jakunansu ke shiga birni da itace su komo da taki. Gyadi-Gyadi da Tarauni da Darmanawa da Unguwa Uku duk birni ne ya miƙo hannu ya haɗiye su, galibi bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, zamanin Gwamna Audu Bako da waɗanda suka biyo bayansa. Amma ba gine-ginen yankin ne suka sa na ɗauko zancensa ba, wata tsohuwar lalura ce wadda ba ta rabu da mutanensa ba tun suna manoma har suka zama ma'aikata da 'yan kasuwa, watau kumburi, da kuma sana'ar masu jinyarsa. Gama a ɗan wannan tsakani, tafiyar da ba ta gajiyar da mai ƙafa, ana samun wanzami da zabirarsa, da mai shagon hijama da kofunansa, da ma'aikacin ɗakin gwaji mai ƙirga ƙwayoyin jini, kowannensu da irin bayanin da yake yi wa abu guda.

Manomi dai ba ya rabo da rauni: yau ƙaya ta soke shi, gobe fartanya ta sare shi a ƙafa, jibi tsinke ya shige masa ƙarƙashin farce ya zama karkare, wanda ke hana babban mutum runtsawa, ga maruru mai fitowa a inda ba a so, ga kaluluwa mai tashi a matsematsi ko a hammata idan ciwo ya daɗe a gaɓa, ga gyambon da ke shekara bai rufe ba, ga kuma kurkunu, wanda ke kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin da gona ta fi bukatarsu. Kada yaran yanzu su raina wannan na ƙarshe don ba su san shi ba, domin a ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da shi. Jinyar farko a cikin gida ake yin ta, a hannun uwa ko kaka: a gasa wurin da tsumma da ruwan zafi, a shafa man shanu ko man kaɗanya, a barbaɗa garin bagaruwa a kan miki. Idan abin ya faskara, sa'an nan a tura yaro ya kirawo wanzami.

Wanzanci sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Aska, kuma kowane wanzami yana da gidajen da ya gāji yi wa aiki, shi ke yi wa jaririnsu askin suna, shi ke cire masa belu, shi ke yi wa yaransu kaciya da sanyin hunturu, ya kuma sami rabonsa daga ragon suna da hatsin kaka. A cikin zabirarsa akwai askar aski, da 'yar tsaga, da almakashi, da hantsaki, da ƙahonin shanu waɗanda aka kankare aka huda tsininsu. To, amma aikin da ya fi nuna gwanintarsa, a ganina, shi ne sakiya, ba kuwa don wuyar sokawa ba, sai don sanin lokacin da ya kamata a soka. Zai zaunar da mai ciwo a kan tabarma, ya ɗora yatsu biyu a kan kumburin, ya latsa da ɗaya yana sauraron abin da ɗayan zai ji, yana jan mutumin da hira don ya ɗauke masa hankali. Idan ya ji wurin da tauri, komai ihun mai ciwo da roƙon 'yan'uwansa ba zai taɓa ƙarfe ba, sai ya ce, "Bai nuna ba tukuna, Baba, a ci gaba da gasawa, jibi in Allah ya kai mu zan dawo." Idan kuwa ya ji ya yi laushi, fata ta yi sheƙi, ciwon ya ja ruwa har ya yi ido, sai ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi jawur, ya sa ƙarti biyu su danne mutumin, ya yi bismilla ya soka sau ɗaya, mugunya ta tsarto, mai ciwo ya yi ƙara, daga nan kuwa sai ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba. Wanda ya yi gaggawa ya soka ɗanye, jini kawai zai fitar, ya ƙara wa mutum azaba, wani lokaci ma ciwon ya bazu. Irin wannan ce sakiyar da ba ruwa da ake faɗa.

Ƙaho kuwa yana da wata daraja da sakiya ba ta da ita, saboda ya tabbata a hadisi cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hijama, cewa Abu Ɗaiba ne ya yi masa kuma an biya shi ladan aikinsa, an kuma ambaci hijama tare da zuma da lalas a cikin abubuwan da ake samun waraka da su, ko da yake an hana al'umma lalas ɗin. Har ranakun da aka fi so an ruwaito su, watau 17 da 19 da 21 ga wata. Wanzami zai ɗora ƙaho a baya ko a ƙeya, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe hudar, ya bari fata ta tashi, sa'an nan ya cire ya yi 'yan tsage-tsage, ya mayar ya sake zuƙa. Idan ya juye abin da ya taru a ƙasa, baƙi a daskare, sai ya nuna wa mai shi ya ce ga mataccen jinin da ya dame ka.

A bayan wannan aiki na hannu akwai wani ilmi na takarda, wanda malaman ƙasar nan suka karanta a littattafan ɗibbu na Larabci, shi ne ilmin ɗabi'u huɗu: jini, da majina, da safara'u, da sauda'u, waɗanda daidaituwarsu ita ce lafiya, rinjayen ɗaya a kan sauran kuwa shi ne cuta. A bisa wannan ƙa'ida, kumburi mai zafi ba komai ba ne face jini ko safara'u da ya kwarara ya taru a gaɓa fiye da kima, maganinsa kuwa a janye shi tun da wuri, ko kuma, idan ya riga ya zauna, a taimake shi ya nuna a fitar. Haka Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tsara mas'alar a cikin Alƙanun. Azzaharawi na Ƙurɗuba kuma ya keɓe maƙala ta talatin ta littafinsa Attasrif ga aikin ƙarfe, da lalas da tsaga da hijama, har da zanen kayan aikin. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi sharhin cewa amfanin hijama yana bin zamani da ƙasa da shekaru da ɗabi'ar mutum, kuma ta fi dacewa da mutanen ƙasashe masu zafi. Shugabannin jihadi ba su yi sakaci da wannan fanni ba: Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta risaloli da dama a kan magani, cikinsu har da wadda ya keɓe ga basir da wadda ya keɓe ga ciwon ido. Wanzami bai karanta waɗannan ba, amma maganarsa ta zafi da sanyi da mugun jini daga wannan rijiya aka ɗebo ta.

Abin lura shi ne, tun daga Kelsus Barume, wanda a ƙarni na farko na Miladiyya ya lissafa alamomin kumburi huɗu, ja da tashi da zafi da zogi, zuwa likita Jalinusa, zuwa hukama'un Musulunci, zuwa wanzaman bayan ganuwar Kano, an yi ijma'i a kan siffar abin da kuma hukuncinsa, cewa a jira ya nuna sa'an nan a fitar. Amma a tsawon waɗannan ƙarnoni babu wanda ya san haƙiƙanin mugunya, mece ce ita, daga ina kuma take zuwa.

Amsar ta fara ɓullowa ne a Turai shekaru da dama kafin Turawa su ci Kano a 1903. A 1867 wani Bajamushe, Julius Cohnheim, ya shimfiɗa siririyar tantanin cikin kwaɗo a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga da idonsa yadda jijiyoyin jini ke buɗewa a wurin da aka ji wa ciwo, jini ya rage gudu, fararen ƙwayoyin jini su manne a bangon jijiya, sa'an nan su kutsa su fita waje. Buɗewar jijiya ita ce ja da zafi, ruwan da ya tsattsafo shi ne tashin wurin, taruwar waɗannan ƙwayoyi kuwa ita ce mugunya. Sai dai a lokacin an ɗauka cewa su ne masu yaɗa cutar. A 1882 ne wani masanin dabbobi mutumin Rasha, Metchnikoff, yana zaune a Mesina ta ƙasar Italiya, ya soka ƙaya a jikin wani ɗan tsakon halittar teku wanda ake ganin cikinsa tar, da gari ya waye ya tarar waɗansu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe, daga nan ya yi ƙiyasin cewa fararen ƙwayoyin jini masu tsaro ne, haɗiye ƙwayoyin cuta suke yi. An yi shekaru ana muhawara da shi kafin a sallama, har aka ba shi kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich, wanda shi ne ya rina ƙwayoyin jini da launuka ya rarrabe jinsunansu, ya kuma raɗa wa mafi yawansu suna nutrofil.

Haɗiyewa daban, kashewa daban, a nan kuwa labarin ya yi armashi. A 1933 waɗansu masana biyu a Cikago, Baldridge da Gerard, suka lura cewa idan farar ƙwayar jini ta haɗiyi ƙwayar cuta, sai ta shiga zuƙar iskar oksijin fiye da ƙa'ida, suka zaci numfashin gajiya ne irin na mai aikin ƙarfi. Aka zauna a kan wannan zato har 1959, sa'ad da Sbarra da Karnovsky suka sa wa ƙwayoyin gubar da ke tsayar da numfashin kowace ƙwayar halitta, amma zuƙar nan ba ta tsaya ba. Ashe ba don numfashi ake jan iskar ba, makami ake ƙerawa da ita. A 1973 Bernard Babior ya nuna abin da ake fara ƙerawa: ƙwayar takan ɗora wa oksijin ilektiron guda na ƙari, ya zama wani abu marar natsuwa mai suna sufa'oksaid, wanda nan take yake rikiɗa ya koma haidrojin feroksaid, ruwan nan da ma'aikatan jinya ke zubawa a miki yana kumfa. Bai tsaya nan ba. A cikin nutrofil akwai wani furotin kore, wanda Kjell Agner na ƙasar Suwidin ya tsamo a 1941, ana kiransa mayaloferoksides, shi ne ma yake sa mugunya da majinar mai tari su yi kore-kore. Seymour Klebanoff ya nuna a ƙarshen shekarun 1960 cewa wannan furotin yakan haɗa haidrojin feroksaid da sinadarin gishirin jiki, abin da ke fita kuwa ɗan'uwan bilic ne, irin wanda mata ke wanke farin kaya da shi. Waɗannan abubuwa masu ƙuna, waɗanda za mu iya tara su mu kira su tartsatsin oksijin, ba su san nawa da naka ba: yadda suke cin ƙwayar cuta haka suke cin naman mai su.

Saboda haka babbar tambaya ba ita ce yaya ake kashe cuta ba, a'a, yaya jikin da ɓargonsa ke fitar da nutrofil wajen biliyan 100 a kowace rana, kowace ɗaya ɗauke da irin wannan masifa, bai ƙone kansa ba? Jawabin yana cikin furotin-furotin ɗin da aka ɗora wa tsaron abin, kuma hikimar da ke ciki ta isa mai hankali ya yi tasbihi. Na'urar da ke ƙera sufa'oksaid ba a ajiye ta a haɗe ba: ɓangare biyu suna kafe a fatar ƙwayar, wanda Anthony Segal ya gano jigonsu a Landan a 1978, uku suna yawo a ruwan cikinta a ɗaure da juna, akwai kuma wani ɗan ƙaramin furotin na shida mai suna Rak, wanda shi ma wani ne ke riƙe da shi, kamar dai maharbin da ya san sana'arsa, wanda ke rataye bindiga a ɗaki, ya ajiye albarushi a wani wuri, ba ya ɗura ta sai ya ga nama. Sai ƙwayar ta ji ƙanshin cuta ta yi shiri, sa'an nan ta kama cutar ta haɗiye ta cikin wata 'yar jaka, a lokacin ne ake buga wa ɗaya daga cikin ukun nan hatimin fosfet, ya warware, ya ja 'yan'uwansa su je su haɗu da na fata a bangon jakar, ta yadda tartsatsin zai zuba ciki, kan fursunan, ba waje ba. Abin da ya tsere kuwa akwai masu jiransa: akwai furotin ɗin da McCord da Fridovich suka bayyana aikinsa a 1969, mai gaggauta mayar da sufa'oksaid haidrojin feroksaid; akwai katales, mai fasa wannan ya koma ruwa da iska, wanda aikinsa ne kumfar da ake gani a kan miki; akwai kuma gulutatayon, mai miƙa kansa a ƙone shi maimakon naman jiki. A ƙarshe nutrofil ɗin kanta ba ta da tsawon rai, idan ta gama aiki takan kashe kanta cikin tsari ba tare da ta fashe ba, wata babbar ƙwaya mai suna makrofaj ta zo ta haɗiye gawar, haɗiyewar kuma ita ke sa ta fara fitar da saƙon a lafa, a shiga gyara.

Idan aka fahimci wannan, an fahimci haƙurin wanzami. A kwanakin farko, lokacin da wurin ke da tauri, yaƙin a warwatse yake cikin nama, babu abin fitarwa, tsagawa kuwa buɗe wa cuta sabuwar hanya ce. Idan ƙwayoyin cutar suka yi taurin kai, nutrofil suka riƙa mutuwa fiye da yadda za a iya kwashe su, sai abin da ke cikinsu ya narkar da naman tsakiya, jiki kuma ya gina katanga kewaye da wurin. Wannan narkewa ita ce nunar da yatsun wanzami ke nema, gashin da yake umurni da shi kuwa ƙara kwararar jini yake yi zuwa wurin. A cikin wannan rami jini ba ya shiga, iska ta ƙare, tartsatsin ya mutu, ko allurar fenisilin da ta zo mana bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba ta isa can sosai. Shi ya sa har gobe hukuncin likitan fiɗa a kan ƙurjin da ya ja ruwa shi ne hukuncin wanzami, a tsaga a fitar, illa iyaka shi likita yana kashe zafin wurin tukuna, kuma ƙarfensa dafaffe ne. A nan wanzami ya yi daidai ba tare da ya san dalili ba. A kan mataccen jini kuwa bai yi daidai ba, domin jinin da ƙaho ke ja lafiyayye ne, irin wanda ke gudana ƙarƙashin fatar kowa, daskarewa ce ta sa ya yi duhu. Faɗin haka kuwa ba suka ba ne ga sunna, gyara ne ga bayanin da mai sana'a ya ƙara daga wajensa.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin mizani tsakanin tartsatsin nan da masu tsaronsa ta fito ne daga waɗansu yara marasa lafiya da likitocin Minesota ta Amurka suka bayyana a 1957, yara maza waɗanda ƙuraje da kaluluwa ba sa rabuwa da su har su halaka su tun suna ƙanana, alhali fararen ƙwayoyin jininsu suna da yawa kuma suna haɗiye cuta yadda ya kamata. Daga baya aka gane cewa ɓangare ɗaya na na'urar nan mai ƙera sufa'oksaid ne aka haife su babu, a 1986 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin haka. Mai ƙiyasi zai ce wanda ba shi da tartsatsi ai ba zai yi fama da kumburi ba. Sai ga shi akasin haka ne, kumburinsu ba ya jin kira, yana cin hanjinsu da huhunsu ko da babu wata cuta a wurin, domin ashe tartsatsin nan da kansa yana cikin masu ba da umurnin a tsaya. Wannan ya isa ya sa a yi hattara da masu tallar magunguna a mota da lasifika, masu alkawarin wanke jini tas daga duk wani dafi. An ma jarraba irin wannan tunani a Finlan, inda aka bai wa wani kashi na maza masu shan taba su fiye da 29,000 ƙwayar sinadarin karas mai kashe tartsatsin oksijin, da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga sankarar huhu ta ƙaru a cikin waɗanda suka sha, ba raguwa ta yi ba.

Wannan ilmi bai iso hanyar Zariya da wuri ba. A ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe asibitin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda aka mayar wa suna Murtala bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, kuma shekaru da dama mutumin ƙauye ba ya zuwa can sai wanzami da boka sun sallame shi. A ɗakunan wankin miki na irin waɗannan asibitoci an daɗe ana aiki da wani ruwa mai warin bilic da aka haɗa a Edinbara a 1915 domin raunukan sojojin Yaƙin Duniya na Farko, ba tare da masu haɗa shi sun san cewa nutrofil ta riga su ba. Zuma ma, wadda kakanninmu suka riƙe da yaƙini, an gano a 1963 cewa ƙudan zuma na zuba mata wani furotin mai fitar da haidrojin feroksaid kaɗan-kaɗan idan ta haɗu da danshi, kuma a 1988 wani likitan fiɗa a Kalaba, Spencer Efem, ya ba da rahoton majinyata 59 masu gyambo da raunukan da suka ƙi jin magani waɗanda ya yi wa jinya da ita. A watan Agusta na wannan shekara ta 1988 aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero, shekara biyar bayan rasuwar Malam. Ya fara aiki a matsayin baƙo a Asibitin Murtala, ya tare a mazauninsa na yanzu a 1996, a 2002 kuma aka yi dashen ƙoda na farko a cikinsa, aikin da rabinsa fiɗa ne, rabinsa kuwa lallashin fararen ƙwayoyin jini ne kada su far wa baƙuwar ƙodar.

A ɗakin gwajin jini, kafin injuna su karɓe yawancin aikin, ma'aikaci yakan ɗiga jini a kan gilashi, ya ja shi da gefen wani gilashin ya yi shimfiɗa siririya, ya bari ta bushe, ya rina ta da ruwan Leishman, ya ɗiga mai, sa'an nan ya sunkuya kan madubi yana ƙirga fararen ƙwayoyi har 100, yana ware kowace da jinsinta. Nutrofil ba ta ɓuya, gama cibiyarta a gutsuttsure take, ƙulli uku ko huɗu a sarƙe. A nan ma akwai wani abu namu na kanmu. Awon da littattafai suka zo da shi a jikin Turawa aka yi shi, alhali kusan dukan mutanen Afirka ta Yamma an haife su ba tare da wani furotin mai suna Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jininsu ba, rashin da ke kare su daga wani jinsi na zazzaɓin cizon sauro, kuma a wajen 2008 aka tabbatar cewa shi ne ke sa adadin nutrofil a jininmu ya kasa na Bature ba tare da wata illa ba. Lafiyayyen Bakano na iya karɓar takardar gwaji a ƙasar waje a ce masa garkuwar jikinsa ta yi rauni, alhali ƙalau yake.

Cututtuka biyu na gado sun sa wannan mas'ala ta fi shafarmu fiye da waɗanda suka gano ta. Ta farko ita ce ƙarancin wani furotin da ake taƙaita sunansa G6PD, wanda ke samar da makamashin da na'urar tartsatsi ke ci, shi ne kuma ke sabunta gulutatayon, watau takobi da garkuwa daga taska ɗaya ake biyansu. Kusan namiji ɗaya cikin biyar a Nijeriya yana da wannan ƙaranci, wanda a wurinmu jajayen ƙwayoyi ya fi taɓawa, har su farfashe idan suka gamu da waɗansu magunguna ko da ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai, jariri ya yi shawara mai tsanani wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Ta biyu ita ce sikila, wadda kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasar nan ke ɗauke da rabin gadonta; a jikin mai ita jini na yawan fashewa, abin da ya zube yana haifar da tartsatsi, nutrofil kullum a harzuƙe suke, suna mannewa a bangon jijiya suna tare lanƙwasassun ƙwayoyi har hanya ta toshe. Maganin nan haidroksiyuriya, ban da ƙara irin jinin jarirai da yake yi, yana rage yawan nutrofil ɗin. Kuma a wannan asibiti na hanyar Zariya, tare da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka jarraba shi a kan yara 220 masu haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022, wanda ya nuna cewa ko ɗan ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya.

Su kuwa wanzamai ba su ƙare ba, sana'ar ce ta tsuke. Tun da aka ba da rahoton cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, aka kuma fahimci yadda ciwon hanta ke bin aska daga jiki zuwa jiki, masu lura a cikinsu suka koma sabuwar reza ga kowane mutum. Ƙahon sa kuma yana ja da baya a gaban kofunan roba da famfon zuƙa na shagunan hijama, waɗanda samari masu karatun hadisi suka buɗe ba tare da sun gāji aska ba. Askin suna da kaciya suna nan a hannunsu a gidaje da yawa na Tarauni da Gyadi-Gyadi, amma sakiya ta kusa ƙaura gaba ɗaya zuwa asibiti, wannan kuwa daidai ne, domin jama'ar ma ta sāke: ciwon suga, wanda kakanninsu manoma ba su cika sani ba, ya yawaita, shi kuwa yana raunana nutrofil, ya rage jinin da ke isa ƙafa, ya kashe jin zafi, har tsaga guda a tafin mai shi ta iya ƙarewa a yanke ƙafar. Haka kuma marurun da ya fito tsakanin hanci da leɓen sama, wanda jijiyoyinsa ke da hanya zuwa cikin kai, da kumburin da ya zo da zazzaɓi da rawar ɗari, da na jariri, da na mai sikila, ba a jiran su nuna a gida.